Kaskon Khadijatu da Tauraruwa Mai Wutsiya

Tauraruwa mai wutsiya ta fito a Gombe cikin bazarar shekarar da aka ba Bauchi jiha, kuma duk garin babu wanda ta takura wa kamar Malam Shu'aibu, mai koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Abin haushin ma shi ne, a duk unguwarsu ta Bagadaza shi kaɗai ya san ko mece ce ita.

Ana fitowa daga sallar asuba sai a gan ta a gabas, sama da inda rana za ta ɓullo, kai ƙasa wutsiya sama, kamar tsintsiyar da aka kafa a juye. Tsofaffi suka ce sun ga irinta gab da yaƙin basasa, kowa kuma ya san abin da ya biyo baya. Ga shi ba a daɗe da zaman makokin shugaban ƙasa ba. Sai sadakar gumba ta yi yawa a unguwanni, har yara suka fara zaɓen gidan da ya fi sa sukari.

Shu'aibu bai damu da gumba ba. Damuwarsa tana unguwar Pantami, a gidan surukinsa Alhaji Inuwa dillalin auduga, inda matarsa Khadijatu ta tafi wankan jego na haihuwar fari. Arba'in ta cika. Ya sa an shafe ɗaki da farar ƙasa, ya sayo fankar tebur da ragowar kuɗin ƙarin albashi na Udoji saboda zafi kada ya dami jariri, ya ma gaya wa mai shayin bakin titi cewa ya kusa daina ganinsa da safe. Sai ga Goggo Joda, tsohuwar da ta yi wa Khadijatu wanka, ta zo da saƙo maimakon ta zo da mai jego.

"Alhaji ya ce a gaishe ka," in ji ta. "Ya ce 'yarsa da jikansa ba za su ƙetare titi ba abin nan yana rataye a sama."

"To sai yaushe, Goggo?"

"Sai ya ɓace mana. Kai da kake malami?"

Shu'aibu ya san irin waɗannan taurari ba sa ɓacewa dare ɗaya. A hankali suke dusashewa, mako bayan mako, kuma Alhaji Inuwa mutum ne da ke hango tsakuwa a cikin buhun auduga tun daga bakin rumfa. In dai da ido za a yi, sai damina ta faɗi Alhaji yana cewa ga ta can.

Ya je gaisuwa da niyyar yin magana. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin zaure, ya ce, "Baba, an yini lafiya?" Alhaji ya amsa yana kallon carbinsa. Aka tambayi aiki, aka tambayi zafi. Duk bayanin da Shu'aibu ya tsara a kan keke ya bi iska. Yaya za a yi mutum ya dubi uban matarsa ya ce masa ya yi kuskure? Balle kuma a kan maganar da kowa ya san ƙarshenta shi ne a ba ni matata. Ya yi sallama ya tashi, ya dawo gida ya tarar da fanka tana jiransa a cikin kwalinta.

Mista Ernest, ɗan Billiri mai koyar da lissafi, shi ya kawo dabara. Sun saba tun suna ɗalibai a Zariya, saboda haka ba ya raga masa.

"Kai dai matsoraci ne," in ji Ernest a ɗakin malamai. "Amma ji nan. Abin da ba ka iya faɗa wa mutum ɗaya, faɗa wa mutum ɗari. Mu shirya lacca ta iyayen yara. A zaunar da Alhaji a gaba, kai kuma ka yi ta kallon bango kana magana. Ba ka yi masa musu ba, ya kuma ji."

Shugaban makaranta ya yarda nan take, don shi ma ya gaji da iyaye masu zuwa ɗaukar 'ya'yansu saboda tauraruwa. Aka sa ranar Asabar bayan la'asar. Aka tura wa Alhaji Inuwa gayyata ta hannun limamin unguwarsu, wanda ba a iya ce masa a'a.

Shu'aibu ya san mutanen Gombe. Ba za ka cika su da zance su yarda ba, sai sun gani da ido. Yana da fanka, ita ce za ta zama rana. Saura abin da zai yi hayaƙi ya zama wutsiya. Ya gwada tsumma, gida ya ɗauki wari har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya gwada busasshiyar ciyawa, ya yi tari har da hawaye. Ba za a tara dattawa a turnuƙe su da wannan ba. Sai ya tuna Khadijatu tana da turaren wuta.

Ya shiga ɗakinta, wanda bai cika shiga ba tun tafiyarta. A kan taga akwai kwalba da ɗan ragowar turare a gindinta, bai kai ya yi komai ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya jawo kasko, sai ya ga wata kwalbar a bayan kwanonin jere, an naɗe ta da tsohon ɗankwali an ƙulle. Ya kwance ya buɗe. Ƙamshin da ya fito na Khadijatu ne sak, har sai da ya waiwaya ya dubi ƙofa. Ya zauna a bakin gado da kwalbar a hannu, kewarta ta kama shi sosai.

Duk wata mace a garin nan, daga Kagarawal har Tudun Wada, da ya tambaye ta da ta gaya masa cewa abin da aka naɗe a ɗankwali aka tura bayan kwanoni ba don baƙi aka ajiye shi ba. Bai tambayi kowa ba. Shi dai ya ga kwalba cike, ga ƙamshi mai daɗi, ya sa ta a jakar kekensa yana jin ya yi dabara.

Ranar Asabar zauren makaranta ya cika har taga. Dattawa a kujerun gaba, Alhaji Inuwa a tsakiyarsu da farar babbar riga wadda ta sha bugu. Matasa a kan benci. Can baya kuma malamai mata da iyaye mata, waɗansu da goyo. Shu'aibu ya hau dandamali, ya zaɓi wata ƙusa a bangon baya ya kafa mata ido, ya fara.

"Iyayena, abin nan da muke gani da asuba dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura, yana yawo a sararin da Allah ya halitta. In ya matso kusa da rana sai zafi ya kama shi, ya riƙa fitar da tururi, tururin ya kewaye shi. Hasken rana kuma yana da ƙarfin da in ya bugi tururin nan sai ya sa masa lantarki a jiki. To ita rana, ban da haske da zafi, akwai wata iska da take hurowa dare da rana, ta ko'ina."

Wani dattijo mai jan gemu ya ɗaga hannu. "Malam, iska daga rana? Mu da muke neman iskar ma a bazarar nan ba mu samu ba?"

Aka yi dariya. Shu'aibu ma ya yi.

"Ba irin wadda ke kaɗa ganye ba ce, Baba. Ƙananan abubuwa ne masu lantarki, ido ba ya ganinsu, suna gudun da babu jirgin da ke yinsa, kuma suna tafe da ƙarfin maganaɗisu. In sun iso wurin tauraruwar, tururin nan mai lantarki sai ya tare musu hanya. Duk wanda ya taɓa wanki a kogin Dadin Kowa ya ga yadda zane ke yi in ruwa ya kwashe shi ya maƙale a kututture. Tsakiyarsa ta kama, gefe biyu su miƙe su bi ruwa. Haka maganaɗisun yake naɗewa a kan tauraruwar, ya ɗebi tururin ya miƙar da shi baya. Siririyar wutsiyar nan mai ɗan shuɗi, miƙaƙƙiya, ita ce wannan. Mai faɗin kuma ƙura ce. Shi ya sa kullum wutsiyar take juya wa rana baya. Ba gidan kowa take nunawa ba."

Ya saci kallo ta wutsiyar ido. Alhaji Inuwa ya daina jan carbi, har ma ya ɗan gyaɗa kai. Zuciyar Shu'aibu ta yi fari. Da a nan ya tsaya ya yi addu'a aka watse, da wataƙila labarin nan bai kai a ba da shi ba.

"Yanzu zan nuna muku," in ji shi.

Ernest ya kunna fanka a kan tebur, ya kawo kasko da garwashi. Shu'aibu ya buɗe kwalba ya zuba turare, ba ɗan kaɗan irin na mata ba, zubin namiji wanda bai san wahalar haɗa shi ba. Hayaƙi ya tashi fari, mai kauri.

"Fankar nan ita ce rana. Kaskon nan tauraruwa. Ku duba, ina tafiya wajen rana, wutsiya tana bayana." Ya taka zuwa ga fanka, hayaƙi ya bi ta gefen kafaɗarsa. Ya kewaya tebur. "To ga abin mamakin. In ta gama kewaye rana za ta koma inda ta fito, wutsiyar ce ke shiga gaba, ita tana biye."

Ya juya wa fanka baya, ya riƙe kasko a gefe don iska ta same shi, ya tako zuwa bakin dandamali. Kimiyya ba ta yi ƙarya ba. Hayaƙin ya miƙe sambal ya shiga gaba, bai tsaya ko'ina ba sai a fuskar Alhaji Inuwa.

Shu'aibu kuwa ya tsaya a nan, idonsa a kan ƙusa, yana ƙara bayani cewa hayaƙi misali ne kawai, ainihin abin maganaɗisu ke ja. Bai ga yadda dattawan gaba suka fara sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ya fara ji shi ne wata tsohuwa can baya ta ce, "La'ilaha illallahu!" Sai wata dariya da aka toshe da mayafi ta kuɓuce, wata ta kama, benci ya yi ƙara. Ya sauke ido. Alhaji Inuwa ya ɗaga hannun babbar rigarsa ya rufe fuskarsa gaba ɗaya.

Shu'aibu ya zaci hayaƙi ne ya shiga masa ido. Ya ruɗe, ya manta da ƙusa, ya manta da sharaɗin da suka yi da Ernest, ya ɗan rusuna ya ce da murya wadda ta kai har bayan zaure:

"A yi haƙuri, Baba, ba ya cutarwa. Na ɗakinmu ne, kullum shi nake shaƙa."

 Alhaji Inuwa ya miƙe, fuska a rufe, ya laluba hanya ya fita. Liman ya bi shi. Mai jan gemu ya bi su, kafaɗunsa suna rawa. Kafin a ce haka kujerun gaba sun zama wayam, mata kuma suna ta turereniya a ƙofa kowacce ta danne baki.

Malama Hilda mai koyar da girki ce ta tsaya, don ita ta girme shi, kuma tana da tausayi. Ta zo ta kashe fanka, ta kife murfin kwano a kan kaskon.

"Malam Shu'aibu, wa ya ba ka turaren nan?"

"Ni na ɗauko. Me ya faru ne wai?"

Ta dubi Ernest, Ernest ya dubi rufi. Ta rage murya.

"Ɗan'uwana, wannan ba na ƙamsasa ɗaki ba ne. Na tsugunno ne. Mace ke tsugunawa a kansa ta lulluɓa da zane, ita kaɗai, in za ta je wurin mijinta. Ko ƙawarta ba ta kunna shi a gabanta. Kai kuma ka sa masa fanka."

Shu'aibu ya nemi kujera ya zauna. Ya tuna kalmomin da ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya faɗa wa. Kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa har tsakar ka, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige ya ja ta ya rufe. Ernest ya tattara wayar fanka.

Kafin magariba labari ya riga shi isa Bagadaza. Washegari mai shayi ya miƙo masa kofi yana cewa, "Malam, yau iskar rana ta wane gefe take kaɗawa?" Mahauta suka yi masa kirari da Malam Mai Kasko. Wata tsohuwa da bai taɓa gani ba ta tsayar da shi a hanya ta ce Allah ya ba shi haƙuri, kowa da irin tasa jarrabawar. Wannan ta fi ciwo. Ya koma gida ya turo ƙofa, sallar azahar ma a ɗaki ya yi ta.

Duk tsiyar gari mai sauƙi ce. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne ya san ya kashe maganar da hannunsa. Da can tauraruwa ce tsakaninsa da Khadijatu, ita kuwa komai daɗewa za ta tafi. Yanzu ya ci mutuncin dattijo a gaban liman da abokan kasuwancinsa. Ko an aiko masa cewa ya zo ya ba da takarda, ba zai ce an zalunce shi ba. Ya yi ta tunanin wanda zai tura biko, duk wanda ya tuna sai ya ga yana cikin zauren nan jiya.

Ana idar da magariba ya ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Ya leƙo. A-kori-kurar Alhaji ce ta ɗaukar auduga, an ɗoro buhun shinkafa da garwar man gyaɗa da ƙullin kaya. Goggo Joda ta sauko da jariri a kafaɗa. Bayanta Khadijatu, ta ja mayafi har haɓa, ta wuce shi ta shige ɗaki ba ko sannu.

Shu'aibu ya tsuguna ya gaida Goggo. Da ya rasa abin faɗa sai ya ce, "Goggo, tauraruwar fa?"

"Tana nan daram. Da asubar nan na gan ta." Ta miƙa masa jaririn. "Karɓi ɗanka. Alhaji ya ce a faɗa maka ya ji. Ya ce in an ƙara samun irin wannan matsuwar, a turo babba ya faɗa masa a zaure, ba sai an tara masa jama'a ba."

"Wallahi Goggo ba haka nake nufi ba. Iskar rana nake..."

"Yawwa, ɗana. Kowa ma da sunan da yake kiranta." Ta gyara ɗaurin zane ta koma mota.

Ya daɗe a tsakar gida da yaro a hannu kafin ya iya ɗaga labule. Khadijatu tana zaune a bakin gado, ba ta cire mayafi ba. Kwalbar tana kan tebur kusa da fanka, saura ɗan kaɗan a ciki. Ya kwantar da jaririn ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Khadija, ki yafe mini. Ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba, Malam. Da ka sani ai da hauka ne." Muryarta ta sha kuka. "Tun jiya ban fito tsakar gida ba. Ƙannena suna ganina sai su ruga bayan rumbu. Baba ya shigo, na ji takunsa, na shige bayan ƙofa kamar ɓarauniya. Ni da wane ido zan ƙara kallonsa?"

"Zan ba shi haƙuri. In ya huce zai gane kuskure ne. Ƙamshi ne kawai, zai manta."

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun shigowarta.

"Zai manta? Kana tsammanin a kasuwa na saya? Iya ce ta haɗa mini da hannunta da za a kawo ni. Haɗinta ne, ba ta taɓa ba kowa sirrinsa ba sai ni. Tun kafin a haife ni shi take yi wa Baba."

Shu'aibu ya tuna hannun babbar rigar nan da ya tashi ya rufe fuska, ya gane ba hayaƙi ne ya shiga idon dattijon ba. Ya jingina da bango a hankali.

Khadijatu ta ɗauki kwalbar ta naɗe ta a ɗankwali, ta durƙusa ta tura ta can bayan kwanoni. Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa.

"An kawo maka mata da gara," in ji ta. "Gobe da sassafe sai ka shirya ka je ka yi wa Baba godiya. Iya ma ta ce ka shigo ciki ku gaisa."